Labarin Matafiyi: Shanun da ke iyo a Tafkin Cadi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Damargu. A wannan wata za mu bar tudun rairayi, mu tafi ƙasar ruwa. Wannan ƙasa tana cikin Nijar, can gabas, a jahar Difa. Labarin makiyaya ne irinmu, Musulmi irinmu, amma su a tsakiyar ruwa suke kiwo.

Wanda ya tashi daga Tenhiya sai ya sauko Tanut, ya shiga mota zuwa Damagaram. Daga nan ya bi kwalta ya yi gabas, ya wuce Mirya, Gure, Gudumariya da Maine-Sorowa, har Difa. Daga Difa in ya bi gaɓar kogin Komadugu Yobe, zai iske garin Boso, kusa da inda kogin yake zubawa cikin Tafkin Cadi. Ni ma ta nan na bi, tun kafin fitinar Boko Haram ta rufe hanyar.

Tafkin Cadi ƙasashe 4 ne suka kewaye shi: Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru. Mafi yawan ruwansa daga kudu yake zuwa, ta kogin Shari. Yana da faɗi ƙwarai, amma ba shi da zurfi. A cikinsa akwai tudunan rairayi masu yawa da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Irin wannan tudu shi ake kira tsibiri. Ba a zuwa sai da jirgin ruwa.

Ranar da na shiga kwale-kwale, gabana ya faɗi. Mutumin da ya saba da bayan raƙumi, sai ga shi zaune a kan katako, ruwa dama, ruwa hagu. Muka shiga cikin wata doguwar ciyawa da ta fi tsayin mutum. Ni ban ga hanya ba, amma mai jirgi yana ta karkata nan da can ba tare da shakka ba. Na ce masa: "Malam, yaya kake gane hanya?" Ya yi dariya, ya ce: "Kai yaya kake gane hanyar rijiyarku a cikin daji?" Na yi shiru, don ya faɗi gaskiya.

Mutanen tsibiran nan ana kiran su Buduma. Sunan da Barebari suka sa musu ke nan, wato mutanen ciyawa. Su kuwa suna kiran kansu Yedina. Masana harsuna sun ce harshensu da Hausa dangi ne na nesa, ko da yake Bahaushe ba ya jin sa. Da yawansu suna jin Barbarci, wasu kuma suna jin Hausa saboda kasuwa. Tun zamanin kakanni sun gwanance wajen ɗaure ciyawar ruwa dami-dami, su yi jirgi da ita, wanda suke kira kadai. Da shi suke kamun kifi, da shi kuma suke ƙetarar da kanwa daga gabashin tafkin zuwa kasuwannin Barno. Yanzu jiragen katako masu inji sun yawaita. Kifin da suka kama sukan yi bandarsa, fatake su kai shi Maiduguri da sauran garuruwan Najeriya.

Amma in ka tambayi Buduma mece ce dukiya, ba zai ce kifi ba. Zai nuna maka saniya. Shanunsu ana kiran su Kuri. Farare ne, manya, kuma ba su da tozo irin na shanunmu. Abin da ya fi ba ni mamaki ƙahonsu. Gindinsa kumbure yake kamar ƙatuwar gora, amma ba shi da nauyi kamar yadda ido yake zato. Suna da nono mai yawa, ga su da sanyin hali.

Wata safiya na ga abin da ban taɓa gani ba. Ciyawar tsibirin da muke ta ragu, za a koma wani. Wani saurayi ya ɗauko guntun itace marar nauyi, ya kwanta a kansa da ƙirji, ya shiga ruwa yana kira. Babbar saniya ta bi shi, sauran garke suka biyo ta. Jim kaɗan ba ka ganin komai sai hanci da ƙahoni a bisa ruwa. Ƙananan maruƙa kuwa a cikin jirgi aka ɗauko su. Haka suka ƙetare lafiya. Da yamma aka hura hayaƙin kashin shanu, dabbobi suka matso kusa da shi, don sauro da ƙudan cizo sun yi yawa a can.

Bayan sallar magariba muka zauna hira da wani dattijo. Ya ce mini: "Ɗana, a ƙasarku ina shanu suke shan ruwa?" Na ce: "Baba, a rijiya. Da raƙumi ko sa muke jan wasaki, tun safe har rana ta yi tsaka." Ya girgiza kai, ya ce: "Allah ya sawwaƙe muku." Ni kuma a raina ina tausayinsa saboda sauro. Kowa da irin wahalarsa. Daga nan ya gaya mini maganar da ban manta ba. Ya ce shi ba ya tsoron ruwa ya ja baya, don in ya ja sai su bi shi. Abin tsoro shi ne ranar da za a hana saniya tafiya.

Ruwan kuwa ya taɓa ja baya ƙwarai. A shekara ta 1963 tafkin cike yake, ruwa yana kusa da garin Ngigmi. A 1964 ƙasashen nan 4 suka kafa hukumar kula da Tafkin Cadi. Sai ga farin 1973, sai kuma na 1984, waɗanda tsofaffinmu na Damargu ba su manta ba. Tafkin ya tsuke, har aka ce in an kasa shi kashi 10, wajen kashi 9 sun ƙafe. Ɓangaren Nijar ya bushe shekaru da yawa. Buduma suka bi ruwa da shanunsu zuwa kudu. Wasu suka shuka masara da wake a cikin danshin da ruwa ya bari. Daga baya ruwa ya dawo wasu wurare, su ma suka dawo. An yi hasara, amma kiwo bai mutu ba.

Abin da dattijon nan yake tsoro ya zo a shekara ta 2015. A watan Fabrairu ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. A watan Afrilu suka kai wani a tsibirin Karamga. Saboda tsaro, hukuma ta umarci mutane su fita daga tsibirai. Dubban mutane suka fito tudu, da yawa a ƙafa, wasu ba tare da dabbobinsu ba. An kuma dakatar da cinikin kifi har zuwa 2019. Saniyar Kuri kuwa ba ta jure zafin tudu da busasshiyar ciyawa. In ta yi nisa da ruwa sai ta rame. Ga shi kuma tana barbara da shanu masu tozo, har asalin irinta yana raguwa. Shi ya sa gidan kiwon gwamnati na Sayam, a jahar Difa, yake adana wannan iri.

To, ƴan'uwa, me za mu ɗauka a cikin wannan labari? Fari ya wahalar da Buduma, amma rufewar hanya ta fi karya su. Mu ma haka ne. Jar saniyar Bororo da saniyar Azawak da tafiya suke rayuwa: arewa da damina, kudu bayan an kwashe amfanin gona. Burtali shi ne jirginmu. In gona ta cinye burtali, ko aka shinge mashaya, an yi wa garke abin da aka yi wa shanun tsibiri.

Doka ta san da wannan. Tun 1961 aka shata iyakar noma ta arewa, aka bar abin da ke bayanta don kiwo. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar da cewa tafiya da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Amma haƙƙi yana tafe da nauyi. Manomi kada ya shuka a cikin burtali. Makiyayi kuma kada ya saki dabba cikin gona kafin hukuma ta ba da sanarwar an kwashe amfani. In saɓani ya taso, a tafi wurin mai gari ko hakimi, da kwamitin filaye da ake kira Kofo. Kada a ɗauki sanda. Gaba ɗaya manomi yana bukatar taki da nono, makiyayi yana bukatar hatsi da kara.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa wannan labari a bakin rijiya ko a dandali. Ku tattauna: burtalin garinku yana nan yadda kakanni suka bar shi? Ku rubuto mana amsa da hannunku.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da mutanen tsibirai gidajensu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.