Benci Guda, Zaman Lafiya

Jama'a, dattawan Jimeta ba su manta da tarzomar 'yan Maitatsine ta watan Fabrairu 1984 ba. Bayan shekara talatin, a 2014, Boko Haram ta kama Mubi, dubban mutane suka kwararo Yola da 'ya'yansu, wasu a sansanin Malkohi, akasari kuwa a gidajen dangi. Kowa ya san mai neman fitina ya fi samun sauƙin ruɗin yaron da bai san darajar maƙwabcinsa ba.

To, ina magani? Ni dai a ganina yana cikin aji. In ɗan Fulani da ɗan Bacama da ɗan Margi suka yi shekara shida a benci guda a firamaren unguwa irin Demsawo, da wuya wani ya raba su da sunan addini ko ƙabila. Amma fa sai akwai bencin, da rufi, da malamin da albashinsa ba ya makara.

Dokar ilmi ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne kuma tilas. Saura hukuma da iyaye su cika alkawari, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.