Zumuncin da ake yi da aljihun aboki

Wani yaro ɗan maƙwabtanmu, da ya gama jami'a yana jiran bautar ƙasa, ya tare ni a makon nan yana rantsuwa cewa kartar nan ta Amurkawa, poker, ba caca ba ce. Wai wasan lissafi ne da karanta fuskar mutum, wai zumunci suke yi da ita. Tun ranar abin ke cin raina.

Zumuncin kam akwai shi. Can akwai abokan da suka shekara da shekaru suna haɗuwa gidan ɗayansu daren Juma'a, a zuba gyaɗa da lemo a tebur, a raba karta, a yi ta zolaya har tsakar dare. Gasar duniya ta Las Vegas ma haka ta faro a 1970, da Benny Binion ya tara tsofaffin 'yan caca a gidan cacarsa na Horseshoe, suka fafata, sannan suka kaɗa ƙuri'a a tsakaninsu suka ce Johnny Moss ne gwani. Basira ma tana aiki, na yarda.

To, wa ya kai Stu Ungar basira? Ɗan birnin New York ne, siriri, ɗan ƙarami, har suna kiransa "yaro". Ya ci gasar a 1980, ya sake ci a 1981. Abin da ya samu a tebur sai ya kwashe ya zuba a cacar ƙwallo da sukuwar dawaki, sauran kuma hodar iblis ta lashe. A 1997 ya dawo ba shi da dala 10,000 ta shiga gasar, sai wani abokinsa, Billy Baxter, ya biya masa bisa sharaɗin a raba riba. Ya zauna sanye da wani tabarau shuɗi mai zagaye, ya zame shi ƙasa don ya rufe hancin da hodar ta cinye, ya kuma lashe dala miliyan 1. Aka yi ta tafi, aka ɗauki hotuna. A watan Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otal a Las Vegas, yana da shekara 45, sai karo-karo aka yi aka binne shi. Mutanen da suka iya biya masa kuɗin zama a tebur, ina suke lokacin da yake buƙatar a ɗaga shi daga teburin?

Yaranmu ba wannan labarin ake nuna musu a waya ba. Na Chris Moneymaker ake nuna musu, akawun nan da ya shiga gasar ta intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya tashi da dala miliyan 2.5 a 2003. A shekarar, mutum 839 suka shiga. Zuwa 2006 sun kai 8,773. A irin wannan gasa, cikin kowane mutum bakwai kusan shida kan koma gida ba ko sisi, kuma kuɗinsu ne ake jibgewa gaban zakara ana ɗaukar hoto. Dabarar nan ce dai ta shagunan cacar ƙwallo da na sha yin ƙorafi a kansu: a manna takardar mutum ɗaya a bango, a share ta dubu da tsintsiya.

Kada kuma wani ya kawo mini zancen amana tsakanin 'yan wasa. A 2011 gwamnatin Amurka ta rufe manyan shafukan poker a ƙasarta, sai ga shi ɗaya daga cikinsu, Full Tilt, ba shi da kuɗin da mutane suka ajiye, miliyoyin daloli. Cikin masu kamfanin har da Chris Ferguson, zakaran 2000, wanda ake rububin gaisawa da shi a duk taro. Ya ɓace na shekara biyar, ya dawo tebur a 2016, a 2017 kuma aka ba shi kambun gwarzon shekara.