Benci Ba Ya Koya Wa Yaro Ƙwallo

Tun da Al-Wahda ta Makka ta faɗa rukuni na biyu a ƙarshen kakar 2024/2025, magana ɗaya ake ta nanatawa a majalisu: a zuba kuɗi, a sayo baƙin 'yan wasa, a koma sama ko ta halin ƙaƙa, yaran gida su jira. Ban yarda ba. Wannan tunanin ne ya kai ƙungiyar ƙasa.

Ku duba dokar hukumar ƙwallon Saudiyya da ta fara aiki a 2024. An ƙara yawan baƙi zuwa 10 a kowace ƙungiya ta babban rukuni, biyu daga ciki matasa da aka haifa daga 2003 zuwa sama. Wato har gurbin rainon matashi an miƙa shi ga ɗan wata ƙasa! Yaron da ya taso yana buga tamola ba takalmi a lungunan Misfala da Shara Mansur, shi kuma ina nasa gurbin? Yana benci a filin Shara'i, sanye da rigar ɗumama jiki, yana tafa wa wasu har alƙali ya hura tashi.

Ana cewa wai atisaye da manya shi ma makaranta ne. Ai ba a koyon iyo a bakin kogi. Ɗan baya yana koyo ne ranar da ya yi kuskure aka ci ƙungiyarsa, 'yan kallo suka yi masa ihu, koci kuma ya sake saka shi mako mai zuwa. Wane koci zai yi wannan haƙurin alhali rashin nasara uku a jere na iya raba shi da aikinsa?

Ba ni da ƙorafi kan Odion Ighalo. Ya zo Al-Wahda a 2023 yana da shekara 34, ya ci ƙwallayensa. Amma bai hana faɗuwar ba, kuma ba a kansa za a gina shekara goma masu zuwa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai tsoho ne. Makka ce ta haifi Usama Hawsawi, jinin Hausa, Al-Wahda ta raine shi, Al-Hilal ta ɗauke shi a 2008, shi ne kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Nasir Al-Shamrani, gwarzon Asiya na 2014, daga nan ya fito. Kullum Makka ke noma, Riyad da Jidda ke girbi. A 2023 Al-Hilal ɗin nan ce ta ƙwace mana Kofin Sarki a bugun fenariti, kuma a shekarar asusun gwamnati ya sayi kashi 75 na ƙungiyoyi huɗu, duk na waɗannan birane biyu. Da wane aljihu Al-Wahda za ta yi tseren sayayya da su?

Rukuni na biyu ne wurin da za a iya saka ɗan shekara 19 ya buga kaka guda cur. In hawan ya ɗauki shekara biyu, ya ɗauka. Saudiyya za ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya a 2034, kuma a ranar ba baƙo ko ɗaya da zai saka mata riga.