Yaron Da Ba Ya Shiga Wasa

Kwanan baya da muka je rangadin makarantu a Paki, ƙasar Ikara, wani magidanci ya kawo mana kukansa. Ɗansa ya shekara uku, amma ba ya tuƙin motar kara, ba ya shiga wasan tuwon ƙasa da tsaransa. Aikinsa ke nan jera marafan kwalba, in an taɓa guda ya yi ta kururuwa. In an kira sunansa ba ya waiwayowa. Wasu sun ce iskoki ne, wasu sun ce sangarta ce, bulala ce maganinta.

Mu dai ba likitoci ba ne, amma mun ce kada a doke shi. Waɗannan alamu sun yi kama da abin da likitoci ke kira otizim, watau wani hali na ginuwar ƙwaƙwalwa, wanda Likita Leo Kanner na Amurka ya bayyana a 1943 bayan ya duba yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana samunsa ga yaro 1 cikin 100. Ba laifin uwa ba ne, ba kuwa allurar rigakafi ke kawo shi ba. Takardar da ta ɗora wa allura laifi a Ingila a 1998, an soke ta a 2010.

To, a nan muke so malaman makaranta su yi hattara. Littattafan Turawa suna cewa a lura da yaron da ba ya haɗa ido da mutane. Amma a ƙasar Hausa sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, mu da kanmu muka koya musu. Saboda haka a filin wasa ya kamata a duba, inda babu kunya. Yana nuna wa uwarsa abu da yatsa? Yana kwaikwayon manya? Alama guda ba ta isa a yanke hukunci ba.

Lalle a fara da gwajin kunne, don ƙyanda da sanƙarau sukan kurmantar da yaro. Sa'an nan a nemi likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. Abin da muka gaya wa mutumin Paki ke nan, muka kuma roƙi hedimasta ya ajiye wa yaron gurbi a aji.