Furen Da Ya Ɓace Daga Gonakin Ingila: Gargaɗi Gare Mu

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ƙasar Ingila akwai wani fure ja mai sirkin shuɗi wanda masana tsirrai su ke kira Agrostemma githago. Shekaru aru-aru yana tsirowa a gonakin alkama, amma yau da ƙyar a ke ganinsa ya fito da kansa.

Dalili kuwa a fili ya ke. Ƙwayarsa ba ta daɗewa da rai a cikin ƙasa, sai dai a girbe shi tare da alkama, a sake shuka shi tare da iri. Da injunan tace iri suka yawaita, hanyar rayuwarsa ta yanke. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu magungunan kashe ciyawa irin su MCPA da 2,4-D suka shigo, dokar aikin gona ta 1947 kuma ta lamunce wa manoma farashi, kowa ya duƙufa ga neman yawan amfani.

Ba mu zargin manomin Ingila. Ƙwayar furen tana da dafi, tana ɓata gari, kuma mutanen da suka ɗanɗani ƙarancin abinci a lokacin yaƙi suna da hujjar neman ƙoshi. Abin da mu ke ƙi shi ne rashin lissafi: an kawar da shi ba tare da an tanadar masa ko da gefen gona ba. Daga baya aka koma biyan manoma don su bar gefen gona ba feshi, a shekarar 2000 kuma aka buɗe babban rumbun adana irin tsirrai a Wakehurst. Rigakafi da ya fi wannan arha.

To, mu fa? Feshin maganin ciyawa ya zama ruwan dare a karkararmu. Abin da su suka rasa ado ne, namu kuwa abinci ne. Karkashi da lalo da tafasa da gasaya suna fitowa da kansu a gona, su ne miya da kwaɗon talaka a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Maganin feshi bai san karkashi daga ƙaya ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan malaman gona. Ku koya wa manomi barin kunya ɗaya ko biyu a bakin gona ba feshi. Ku zauna da iyayenmu mata ku rubuta sunayen ganyayen nan da amfaninsu. Cibiyoyin bincike kamar na Samaru su tara irinsu tun yana samuwa. Lalle muna son noman zamani, amma kada mu sayi buhun masara da tukunyar miyar jikokinmu. Allah ya sa mu gane.