Masaukin Matafiyi: A Sayi Mako, Ko A Biya Kwana?

Duk wanda ya taɓa tashi daga Kunci ya bi ta Bichi ya shiga Kano da maras lafiya ya san ba kuɗin mota ne babbar damuwa ba. Wurin kwana ne. Likita ya ce a dawo jibi, gida da nisa, ga dare ya yi. To, ina za a sa haƙarƙari?

A yau hanyoyi uku ake tallata wa matafiyi. Ta farko ita ce otal. Ka biya kwanan da ka yi, gari ya waye ka miƙa makulli, ba ka bin kowa, ba mai bin ka. Illarsa ita ce tsada in kwanaki sun yi yawa, ga shi ba dama ka ɗora tukunya.

Ta biyu ita ce hayar gida ta 'yan kwanaki, wadda ta bazu a duniya bayan kafa Airbnb a Amurka a 2008, har ta iso biranenmu. Wannan ta fi dacewa da iyali, domin za su kwana wuri ɗaya su dafa abincinsu. Sai dai akan biya kafin a ga ɗakin, hoto kuwa ba ya nuna ko famfo na kawo ruwa.

Ta uku ita ce sayen mako, wadda 'ya'yanmu da ke aiki a manyan birane da ƙasashen waje za su iya cin karo da tallarta. A Turai aka faro ta, inda aka kafa kamfanin Hapimag a Suwizalan a 1963. Mutum zai zuba kuɗi masu yawa ya sayi ikon kwana a wani gida, galibi na mako ɗaya kowace shekara. Bayan haka akwai kuɗin gyara da zai riƙa biya duk shekara, ko ya je ko bai je ba, kuma sukan ƙaru. In ya gaji, samun mai saye sai an sha wuya. Matsin lambar masu talla ya sa Tarayyar Turai ta yi doka a 2008, ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da asara ba.

Mu dai a ganinmu wannan ba tamu ba ce. Manomi ba ya zaɓen ranar tafiya. Ciwo ne ke zaɓa masa, ko rasuwa, ko biki. Idan makon da ka saya ya faɗo a tsakiyar noman firi fa? Cinikin biri a sama ke nan.

Amma akwai darasi a ciki, wato mutane da yawa su haɗu a kan ɗaki ɗaya. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken goro da suke zuwa Gwanja suna da fatoma a zango, mai ba su masauki ya kuma tsaya musu a ciniki.

Don haka muna ba da shawara. Ikilisiyoyin karkara huɗu ko biyar su haɗa kuɗi bayan kaka, su kama hayar ɗaki biyu a Kano kusa da asibiti, kamar Asibitin Ido na ECWA da ke aiki tun 1943. A rubuta yarjejeniya, a naɗa mai riƙe makulli, a karanta lissafi a gaban jama'a, maras lafiya kuma shi ne kan gaba, kowane ne shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin hakan ta samu, mai kwana ɗaya ya nemi otal ko masaukin baƙi na ikilisiya, mai iyali ya kama haya bayan ya gani da idonsa. Kada kowa ya sa hannu a takardar da za ta ci gaba da cin kuɗinsa alhali yana kwance a ɗakinsa a Kunci.