Makarantar kwana: Ilimi ba ya buƙatar raba yaro da harshensa

Duk uban da ya ɗaura wa ɗansa akwati daga Darki ko Wudil zuwa makarantar kwana, ya miƙa wa wasu amanar tarbiyyarsa ta tsawon wata tara a shekara. Abin dubawa shi ne yadda yaron zai dawo gida.

A shekarar 1817, 'yan mishan suka buɗe makarantar Brainerd a jihar Tenesi ta Amurka domin yaran ƙabilar Cheroki. Da sassafe ake tashin yara a yi addu'a, sannan a shiga aji. Bayan darasi maza su nufi gona da faskare, mata kuma kaɗi da ɗinki da girki. Da Turanci ake karatu, kuma an sauya wa da yawansu suna. Duk da haka, a 1838 gwamnati ta kori ƙabilar daga ƙasarta ta gado, dubbai suka mutu a hanya, makarantar ma ta rufe. Turancin da yaran suka koya bai cece su ba. Abin da ya taimaka wajen riƙe harshensu shi ne rubutun da ɗan ƙabilar, Sikwoya, ya ƙirƙiro a 1821.

Ƙasar Hausa ma ta ga irin wannan. Dokta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya tara yara a gidansa yana koya musu karatu, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Daga wannan al'umma aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa. Miller ya yi aiki da Hausa, don haka yaran Wusasa ba su rasa harshensu ba. Amma ganin wasu sun bar addinin iyayensu ya sa jama'a suka yi ɗari-ɗari da boko. Wannan ba jahilci ba ne, tsoron rasa ɗa ne. Shi ya sa makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta koyar da Hausa, ba tare da wa'azin mishan ba.

Yau babu mai sauya wa yaro suna a makarantun Kano, amma ragowar ɗabi'ar na nan. Har yanzu akwai inda ake cin tarar ɗalibi ko a zane shi don ya yi “banakula”. Yaron da aka hukunta saboda harshen da yake gaida mahaifiyarsa da shi, zai taso yana jin kunyar gidansu.

Masu kare wannan doka na cewa jarrabawar WAEC da JAMB da Turanci ake rubuta su. Gaskiya ne, kuma dole yaro ya iya Turanci. Sai dai ƙwararren malami da littafi ne ke koyar da shi, bulala ba ta koyarwa.

Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano ta haramta hukunta ɗalibi kan magana da harshensa. Iyaye kuma, ranar ziyara kada su tsaya ga kai garin kwaki da ƙuli-ƙuli kawai. Su zauna da yaro, su tambaye shi me yake ci, wa ke dukansa, kuma me aka ce masa game da Hausa.